Babur mai ƙafa huɗu yana mutuwa in ya yi zafi, bayansa kuma ya zauna: a ƙara masa silinda ko a fara da gyara?

Manomin Fadama: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masu sana'a a kan babur mai ƙafa huɗu, ɗan Cana mai injin GY6 150, mai bel da ribas, wanda ake aikin gona da shi. Da safe yana wuyar tashi, in kuma ya yi aiki ya ɗauki zafi sai ya fara misin ya mutu, ba zai sake tashi ba sai ya huce. A cikin rairayi ba shi da ƙarfi, injin na ta kuka amma tafiyar ba ta kai kukan ba. Bayansa ma ya zauna, ana ɗora kaya shakzoba ta fara dukan ƙarshe. An ba ni shawarar in sa masa babbar silinda, in cire akwatin filta in sa buɗaɗɗiya, in kuma sa dogayen shakzoba don ya ɗaga. Me kuka gani?

Oga Mai Gareji: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka sayi komai tukuna. Wuyar tashi da safe da mutuwa in ya yi zafi, in suka haɗu a wannan injin, bawul ake fara dubawa. Yau da gobe bawul yana nutsewa cikin mazauninsa, ratar da ke tsakanin kansa da roka ta yi ta raguwa. In injin ya yi zafi ƙarfe ya miƙe, 'yar ratar da ta saura ta ɓace, bawul ba ya rufewa ruf, kamfireshan ya zube.

A bar injin ya huce sarai, gara ma ya kwana. A cire murfin tof. A juya fanka da hannu har alamar T da ke jikin fulawil ta daidaita da alamar jikin kes. A dubi sufuket ɗin kam: babban rami ya kasance a sama, ƙananan ramuka biyu su yi layi da bakin tof. In babban ramin ya ɓuya, a ƙara juyi ɗaya cikakke. Sai a sassauta notin roka da sifana 9, a zura filageji, wato siririn ƙarfen auna rata, mai kaurin milimita 0.10, a daidaita har ya riƙa wucewa da ɗan ja kaɗan, a riƙe sukurun a ɗaure notin. A sake aunawa bayan ɗaurewa, domin ɗaurin kan ja sukurun ya matse ratar. Duka biyun haka za a yi musu, na shigar mai da na fitar hayaƙi. Bawul mai ɗan ƙaskas ya fi wanda ya yi shiru, mai shirun shi ne kan ƙone.

Mai Wayarin: Oga ya yi gaskiya, amma wuta ma tana yin irin wannan. Kwayil ko CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, ko ɗan fikof da ke gefen fulawil mai ba shi sigina, in sun fara lalacewa suna aiki da sanyi, su yanke da zafi. Rabewar ba wuya. Daidai lokacin da ya mutu, kafin ya huce, a zare fulogi a sa shi a kansa, a jingina zarensa da jikin injin a buga sitata. In akwai shuɗiyar wuta mai ƙarfi, laifin ba nawa ɓangaren ba ne. In babu, ko ta fito ja-ja mai rauni, a fara da wayar as da ke ɗaure a jikin firam, a kankare tsatsa a ɗaure, sannan a bi sauran ɗaya bayan ɗaya.

Fulogin wannan injin NGK C7HSA ne, ratarsa milimita 0.6 zuwa 0.7. CDI kuma iri biyu ne, AC da DC, soket ɗinsu kan zo iri ɗaya amma ba sa maye juna. A kunna makulli ba tare da an tada injin ba, a auna wayar da ke ba CDI wuta: in an samu bolt 12, na DC ne.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa, cok ɗin wannan kafireta na lantarki ne. Da sanyi a buɗe yake yana ƙara mai, in wuta ta ɗumama shi sai allurarsa ta miƙe ta toshe hanyar. In ya mutu ko wayarsa ta yanke, haka zai yi ta ɗura wa injin mai har bayan ya yi zafi, fulogi ya yi baƙi ƙirin da toka, injin ya shaƙe. A cire shi, a auna tsawon allurar, a jona masa batir na kamar minti 5. Ya kamata ta fito da milimita 3 zuwa 4. In ba ta motsa ba, a canza shi.

Injiniya: A ƙara da gwajin da ba ya cin ko sisi. In ya mutu, a buɗe murfin tanki a saurara. In aka ji ya zuƙi iska, ƙofar numfashin murfin ce ta toshe, mai ya daina sauka. Sannan a kwance sukurun da ke gindin kafireta a tari man a kwalba mai haske. Man bumburutu kan zo da ruwa da laka, ruwan zai kwanta a ƙasa a gan shi ƙarara.

Kafiretar PD24J ce. Jet, wato ɗan sukuru mai rami da mai ke bi, biyu ne: ƙaramin yawanci lamba 35, babban kuma tsakanin 105 da 110. Ƙaramin shi ke riƙe silo da tashin safe, raminsa siriri ne, shi ke fara toshewa. A wanke shi da mai a hure da iska, kada a soka masa allura ko waya mai kauri, ramin zai buɗe ya lalace. A ɗaga robar da ke ƙarƙashin murfin sama a haska ta a rana, ko ƙaramin tsagu ne ya isa ya hana injin karɓar totur. Manifol, wato robar da ta haɗa kafireta da tof, tana tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. A tada injin a fesa mata ruwa kaɗan, in silo ya canza to tana shan iska. Kada a yi wannan gwaji da fetur. Sukurun haɗin mai a mayar da shi ciki a hankali har ya taɓa, a dawo da shi juyi 2 zuwa 2 da rabi, a nemi inda silo ya fi lafiya, a tsayar da shi wajen juyi 1,600 a minti.

Ɗan Gudu: Gaisuwa ga manya. Ni dai ban ga laifin buɗaɗɗiyar filta ba. Akwatin da kamfani ya sa yana shaƙe injin. A sa buɗaɗɗiya, a sa salansa mai faɗin baki, a ɗaga babban jet zuwa 115 ko 120, a sa CDI marar iyaka, za a ji bambanci.

Injiniya: Ƙanena, za a ji bambanci a kan kwalta in an matsa totur har ƙarshe. Alhaji kuwa gona yake shiga. Irin wannan kafireta, jan iskar da injin ke yi ne ke ɗaga fistin ɗinta, ba wayar totur kai tsaye ba, kuma an daidaita ta ne da turjiyar akwatin nan. In an cire akwatin, tsakiyar totur kan yi rami, a murɗa ya yi kamar zai mutu sannan ya karɓa, kuma nan ne daidai wurin da ake aiki a rairayi. In ba a ƙara jet ba mai ya yi kaɗan, injin ya ɗau zafin da zai iya huda fistin. Babbar illa kuma ƙura ce. Buɗaɗɗiyar filta tana zaune ne kusa da tayar baya. Ƙurar hunturu da ta gonar da aka yi wa haro in ta wuce, ita ce ke cinye ringi da bangon silinda.

A bar akwatin. A wanke sosonsa da kananzir ko ruwan sabulu, ya bushe sarai, a shafa masa mai a matse ba tare da murɗawa ba har ya daina ɗiga. Busasshen soso ba ya kama ƙura. A shafa giris a bakin da soson ke zama don kada ƙura ta bi ta gefe. A kuma leƙa cikin tiyon da ya tafi kafireta, in yatsa ya fito da ƙura to akwai inda take shiga.

Ɗan Gudu: To ai shi ya sa ake sa babbar silinda, ta cike giɓin.

Oga Mai Gareji: A yi lissafi mana. Asalin fistin milimita 57.4 ne, tafiyarsa 57.8, ya ba da cc 150 saura kaɗan. Kit na 58.5 yana shiga ba tare da an taɓa kes ba, amma cc 155 kawai yake bayarwa. Na 61 yana kaiwa wajen 169, sai dai yawanci sai an wargaza injin an kai kes wurin masu injin sassaƙa ƙarfe sun faɗaɗa bakinsa, ga ƙarin zafi, ga sitata da batir za su riƙa wahala. Injin da iska kaɗai ke sanyaya shi, a zafin bazara, yana tafiyar hawainiya da kaya, ƙarin zafi ba alheri ba ne gare shi.

A fara auna kamfireshan bayan an daidaita bawul, totur a buɗe gaba ɗaya. In ya haura psi 130 silindar lafiyarta lau, a ƙyale ta. In yana ƙasa da 100, a ɗiga cokalin shayi na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In ya tashi sosai, ringi ne. In bai motsa ba, bawul ne ko gaskit. Ranar da silinda ta ci da kanta, ranar ce ta sayen 58.5, tunda dama sai an sayi wata.

Wani roƙo kuma: kada a cire robar da ta lulluɓe silinda wai don ya sha iska. Ita ce ke kai iskar fanka kan haƙarƙarin silinda da tof. A dai riƙa buɗe ta ana cire ƙaiƙayi da busasshiyar laka.

Ɗan Damagaram: Sannunku da aiki. Maganar Alhaji ta biyu ita na riƙe, injin na kuka tafiya ba ta kai ba. Wannan ba rashin ƙarfin injin ba ne, ƙarfin ne ba ya isa taya. A buɗe murfin bel. Sabon bel faɗinsa milimita 20 ne, in ya koma 19 ya kusa, in ya kai 18.5 ya gama. Lambarsa na rubuce a bayansa, ko 743-20-30 ko 842-20-30, a sayi irin wadda aka cire. In an ga gefen bel yana ƙyalli, ko ƙwaryar kuloci ta yi shuɗi, santsi suke yi. A goge fuskar takalman kuloci da sanfefa, a wanke fule da abin da ba ya barin maiƙo. In an tarar da mai a cikin murfin, sil ɗin kiranshaf ne ke yoyo, kuma in ba a canza shi ba sabon bel ma zai bi sahun tsohon.

Rola da ke cikin fule na gaba guda 6 ne, girmansu milimita 18 da 14. In sun yi gefe mai faɗi sun daina gangarawa, a canza su duka. Na kamfani kan kai gram 13 ko 14. Don rairayi a sauko gram ɗaya ɗaya, 12 ko 11, injin zai riƙa zama a juyin da yake da ƙarfi kafin bel ya haura. In aka yi sauƙi da yawa sai kuka ya ƙaru gudu ya ragu. In za a gauraya nauyi biyu, uku uku ne, a jera su ɗaya bayan ɗaya. Ba a sa musu giris, yana kama rairayi. Notin fule na gaba a ɗaure shi wajen Nm 55, kuma a tabbata bel bai maƙale tsakanin fule ba lokacin ɗaurewa, in ba haka ba notin zai kwance a hanya ya cinye haƙoran kiranshaf.

Ɗan Gudu: Sifirin ɗin kuloci mai tauri, na juyi 2000 fa, Malam?

Ɗan Damagaram: Na masu tsere ne. Yana hana kuloci kamawa sai injin ya yi sama, sai ya kama da fizga, taya ta haƙa rami ta nutse. Mai tafiya a hankali da kaya kuwa kulocinsa zai wuni yana santsi yana ƙonewa. A bar ƙananan sifirin yadda suke. Babban sifirin na baya, na 1000 ya isa, yana taimaka wa bel ya koma ƙaramar giya da wuri in an shiga tudu.

Manomin Fadama: Allah ya saka da alheri. Ga abin da aka auna. Bawul na hayaƙi ko filageji mafi siriri bai shiga ba. An daidaita, kamfireshan ya nuna 145, yanzu yana tashi bugu ɗaya kuma bai ƙara mutuwa ba. Bel 18 ne, rola biyu sun yi gefe. Tayoyin baya inci 22 ne, amma takardar jikin babur 19 ta rubuta. Iskarsu, ɗaya psi 24 ɗaya 20.

Ɗan Damagaram: To ga rabin ƙarfinka nan inda ya tafi, Alhaji. Daga inci 19 zuwa 22, kusan kashi 16 cikin 100 aka ƙara wa tsawon giya, kamar mai tashi da giya ta biyu kullum. Ko a mayar da 19, ko a rama ta sufuket. Misali in na baya haƙora 37 ne, a sa mai 43, lissafin ya dawo kusan daidai. Sai an ƙara tsawon sarƙa, a kuma duba kada babban sufuket ya riƙa taɓa kunya, domin shi ne mafi kusa da ƙasa.

Malam Mai Walda: Iskar nan ta fi komai tayar mini da hankali. Tayar wannan babur ba ta mota ba ce, psi 4 zuwa 7 take ɗauka, ainihin adadin yana kan takardar jikin babur. Gejin mai faci ba ya karanta ƙasa da 10 da kyau, a sayi ƙaramin geji mai tsayawa a 15. Tayar ita ce rabin shakzoba. In ta yi tauri babur ya riƙa tsalle, ya nutse a rairayi, a kwana kuma ya ɗaga ƙafa. Aksil ɗin baya sanda ɗaya ce, tayoyin biyu dole juyi ɗaya suke yi, don haka wadda ta fi kumbura za ta riƙa tura babur gefe guda. Bayan an daidaita iska a zagaya kowace da igiya a gwada, kada bambancin ya wuce rabin santimita.

Sai shakzoba. A ɗaga bayan babur da jak har taya ta bar ƙasa, a auna daga aksil zuwa wata alama a kariyar ɗaukar kaya. A sauke, mai tuƙi ya hau da kayan da ya saba ɗauka, a sake aunawa. Abin da ya zauna kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na dukan tafiyarta. A gindin sifirin akwai zobe mai matakala, a haura shi mataki mataki. In an kai na ƙarshe bai daina zama ba, sifirin ya gaji ko kayan sun fi ƙarfinsa. Zoben ɗaga babur kawai yake yi, ba ya ƙara wa sifirin tauri. A danna baya da ƙarfi a saki: ya dawo sau ɗaya ya tsaya. In ya yi ta lilo, ko aka ga mai a jikin sandar, cikinta ya mutu. A sayi wata mai tsawo ɗaya daga ido zuwa ido, mai sifirin da ya fi kauri.

Manomin Fadama: Malam, in an sa mai tsawo fa? Cikinsa na taɓa kunya.

Malam Mai Walda: Ranka ya daɗe, garin neman gira kada a rasa ido. A gaba, shakzoba tana zaune ne wajen tsakiyar hannun taya, ƙarin milimita 10 a jikinta kan zama kusan 20 a taya. In ta yi tsawo, hannun zai sauka har boljoyin da kan tarod su ƙure, su zama su ke tsayar da taya a duk rami. Haka suke tsinkewa, kuma in boljoyin ya fita ana tafiya taya kwanciya take yi nan take. Duk wanda ya canza tsawo, ya ɗaga gaban, ya juya kan babur dama da hagu har ƙarshe, ya tabbata babu abin da ya ƙage, tiyon birki ma bai miƙe ba. A baya kuma doguwar shakzoba ba ta ɗaga aksil ko kaɗan, tsayin aksil daga taya yake. Abin da ke kare ciki shi ne faranti mai kaurin milimita 3 a ƙarƙashin injin, da wani a ƙarƙashin sufuket da faifan birki, a ɗaure da noti ba walda ba don a iya cirewa.

Injiniya: Ina goyon bayan Malam da ƙarfi. Kifewa ita ce babbar hanyar da wannan abin hawa ke kashe mutane, musamman a gonaki. Ita ta sa a 1988 aka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku a Amurka, ita kuma ta sa Ostareliya tun 2021 ta wajabta wa sababbin na aikin gona ƙarfen kariya a baya da gwajin jure karkata. Duk santimitar da aka ɗaga, nauyi ya hau sama, faɗin ƙafa kuwa bai ƙaru ba. Wanda ke son ya taɓa tsayuwar babur, faɗi zai ƙara. Sifesa ta milimita 25 zuwa 30 a kowane gefe ta isa. Fiye da haka tana cin boris, kan babur kuma ya riƙa fizgar hannu in taya ta bugi kututture. A tabbata noti ya ci zare aƙalla daidai kaurin bol ɗin, a sake ɗaurewa bayan fitar farko.

Kaya kuma, abin da kariya za ta ɗauka a rubuce yake a jikinta, kuma a ɗan 150 bai kai buhun taki ba sau da yawa. Nauyin da ya zauna bayan aksil yana sauƙaƙa gaba, a hawan tudu ya tashi tsaye. Gara ƙaramar amalanke a ja ta daga maɗaurin da ke ƙasa daidai aksil. Ba a goyo a kansa, tsawon kujerar don mai tuƙi ya riƙa matsawa gaba da baya ne. Hular kwano kuma dole ce ko a cikin gona.

Oga Mai Gareji: Tunda za a ɗaga gaban, a gama da shi gaba ɗaya. A kama taya sama da ƙasa a girgiza, in ta yi motsi boljoyin ne ko boris. A kama ta dama da hagu, in ta yi motsi kan tarod ne. Bushin na hannun taya a zura ƙarfe a ɗan ɓanɓara a gani. Sai an canza abin da ya ci sannan a daidaita ƙafa. Mai tuƙi na zaune, kai a miƙe, a auna tsakanin tayoyin gaba ta gabansu da ta bayansu a tsayin aksil. Bambancin ya tsaya tsakanin sifili da milimita 6, ta ɓangaren da littafin babur ya faɗa. Tarod zarensa ɗaya dama ne ɗaya hagu, a juya na ɓangarorin biyu daidai wa daida don kada kai ya karkace.

Manomin Fadama: Saura baƙin mai da sarƙa, Oga. Wane iri, kuma nawa?

Oga Mai Gareji: Kulocin wannan injin busasshe ne, ba ya wanka cikin mai, saboda haka man mota mai kyau ya yi. A sa 15W-40, in bazara ta tsananta ko injin ya tsufa a sa 20W-50. Yana cin kamar kashi uku cikin huɗu na lita, a auna da sandar geji a ɗore ba tare da an murɗa ta ciki ba. Ba shi da filtar takarda, 'yar raga ce kawai a ƙarƙashin murfi mai sifirin, a wanke ta duk juye. Shi ya sa a ƙura ba a barin man ya wuce awa 20 zuwa 25 na aiki. Gidan giya da ribas nasa man daban ne, 80W-90.

Sarƙa a daidaita ta mai tuƙi na zaune a kai, domin in injin a jikin firam yake tana ƙara tsauri yayin da baya ya zauna. A tura babur a nemi inda ta fi tsauri, a bar mata wasan milimita 20 zuwa 25 a nan. A rairayi kada a lafta mata giris. A goge ta da kananzir, a ɗiga man giya kaɗan ta ciki, a share abin da ya fito waje. In za a sa babban sufuket ɗin da Ɗan Damagaram ya ambata, a canza na gaba da sarƙar tare, tsohuwar sarƙa tana cinye sabon sufuket da wuri.